TSOHON AKAWU YA HAƊIYI ƘUGIYA



Waɗanda suka saba bin wannan fili sun san al'adata, kowane mako na kan kawo labarin wautar wani mu yi dariya, sa'an nan mu tsinci abin tsinta a ciki. To, yau reshe ya juya da mujiya, labarin tawa wautar na kawo muku. Na daɗe ina shawara da zuciyata ko in faɗa ko in bari, daga baya na ga ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma abin da ya same ni yana nan yana jiran duk wani ma'aikaci da ke zaune gaban kwamfuta.

Shekarata 28 ina aikin akawu a sashen kuɗi na wata ma'aikata da ba sai na ambaci sunanta ba. Da tafireta na fara, da manyan littattafan lissafi masu jan bango, har zamani ya kawo mu ga kwamfuta da imel. Kwanan baya aka tara mu duka a ɗakin taro, aka ce za a yi mana horo a kan wasiƙun yaudara. Mai horon kuwa wani saurayi ne daga sashen kwamfuta, wanda na tabbata sa'ad da na kama aiki ko rarrafe bai fara ba. Na nemi kujerar baya na zauna, ina cewa a raina, mu da muka ga zamanin wasiƙun 419, waɗanda suka samo sunansu daga sashe na 419 na dokar laifuffuka ta Nijeriya, mu za a koya wa gane ɗan damfara? Ai mun sha karanta labarin marayan da ubansa ya bar masa dukiya a banki yana neman mai taya shi fitarwa.

Duk da haka kunnena ya ɗauki abin da yaron ya faɗa, ga shi kuwa a taƙaice. Ya ce Turawa tun tsakiyar shekarun 1990 suka raɗa wa irin wannan sata suna daga kamun kifi, mu kuwa sai mu ce fatsa. Mai fatsa ba ya shiga ruwa ya bi kifi da gudu. Tana ya ke sa wa a bakin ƙugiya, ya jefa, ya koma inuwa ya zauna, kifi da kansa zai zo ya haɗiya. Haka ɓarawon zamani ya ke. Fasa kwamfutocin ma'aikata aiki ne mai wuya, sabo da haka sai ya rubuto wasiƙa, ya sa mata kamannin ta banki, ko ta shugaban ma'aikata, ko ta wani abokin ciniki, domin ma'aikaci ya miƙa masa mabuɗi da hannunsa.

Ya nuna mana wuraren da a ke duba wasiƙa. Na farko adireshin mai aikowa, gama sunan da ke bayyana a sama kowa na iya rubuta wanda ya ga dama, adireshin da ke ƙarƙashinsa shi ne abin dubawa, harafi bayan harafi. Ɓarayi su kan sa sifiri a gurbin harafin o, ko su jera r da n kusa da juna su yi kama da m, ko su daɗa harafi guda inda ido ba ya tsayawa. Na biyu mahaɗi, watau ɗan rubutun nan mai launin shuɗi da a ke latsawa ya kai mutum wani shafi. Ya ce a ɗora kibiyar kwamfuta a kansa ba tare da an latsa ba, za a ga ainihin inda zai kai mutum. Na uku takardar da aka maƙala wa wasiƙa, wadda ba ka sa ran zuwanta ba, kada ka buɗe. Na huɗu kuwa, wanda ya ce ya fi duka, shi ne ka duba abin da wasiƙar ta motsa a zuciyarka. In ta sa ka tsoro, ko kwaɗayi, ko gaggawa, ko ta zo da sunan wani babba wanda ka ke jin nauyin tambayarsa, ko ta ce kada ka gaya wa kowa, to tsaya.

Na ji duka, na gyaɗa kai, na sa hannu a takardar halarta, na koma bakin aikina.

Bayan kwana 12, ran Alhamis, ƙarfe uku da rabi na yamma, sai ga wasiƙa wai daga sashen albashi. Ta ce an fito da sunayen waɗanda za a biya bashin ƙarin girma, kowa ya shiga ya tabbatar da sunansa kafin ƙarfe huɗu, wanda bai yi ba sai zagaye na gaba. Jama'a, wata tara ke nan ina jiran kuɗin nan, ga kuɗin makarantar yara ya matso, ga mai gidan haya ya fara gaishe ni gaisuwar da ba ta gaisuwa ba ce. Ban duba adireshi ba, ban ɗora kibiya ba. Na latsa, shafi ya buɗe da tambarin ma'aikatarmu daidai wa daida, na rubuta sunana da kalmar sirrina. Shafin ya yi ta juyi, daga nan ya ce a sake gwadawa an jima.

Sa'an nan ne hankalina ya dawo gida. Na koma na dubi adireshin, sai na ga harafi guda ya yi yawa. Gumi ya keto mini ko da ya ke fanka tana juyawa. Ashe duk abu huɗun nan da yaron ya lissafa suna cikin wasiƙar, ni kuwa na bi ta kansu kamar makaho. Tanar da aka sa mini ta dace da yunwata, shi ke nan.

Amma ba wannan ne babban laifina ba, kuma ba dominsa na ɗauki alƙalami ba. Babban laifina shi ne abin da na yi bayan na gane. Na kashe kwamfuta, na ɗauki hulata, na tafi gida ban ce wa kowa uffan ba. Ina tunanin yadda zan tsaya gaban yaron da na raina in ce masa, ga ni na faɗa. Ina tunanin abin da ƙananan akawuna za su ce, su da kullum na ke yi wa faɗa a kan sakaci. Uwargida ta kawo tuwo na kasa ci, ta tambaye ni na ce ciwon kai ne. Na kwana ina juyi, ina lissafin abin da ke cikin akwatin wasiƙuna: takardun biyan 'yan kwangila, da lambobin asusun ma'aikata, da wasiƙun da ke tsakanina da banki.

Da gari ya waye na ga ba mafita, ƙarfe takwas da rabi na tafi ofishinsa. Ya tashi ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, mu muka aika, gwaji ne. Kuma ba kai kaɗai ka latsa ba. Amma ka yi mini izini in faɗa maka gaskiya. Latsawar ba ta dame ni kamar shirun ba. Da ta gaske ce, awa 17 ka bai wa ɓarawo yana yawo cikin gida." Ya ce wata yarinya da ba ta fi wata uku da kama aiki ba ita ma ta latsa, ta rubuta kalmar sirrinta kamar yadda na yi, amma kafin minti biyar ta bugo masa waya ta ce, "Yaya, ina jin na yi ɓarna." Ya ce da harin gaske ne, da wayar nan tata ta isa ya sake mata kalmar sirri, ya toshe shafin, ya gargaɗi sauran ma'aikata tun ba su buɗe tasu ba.

Watakila wani ya ce, me ɓarawo zai iya yi cikin 'yan awoyi? To, ga labari na gaskiya wanda ya shiga kotu. Cikin watan Afrilu 2018 babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac, mai sayar da manyan injunan Caterpillar, wanda ofishinsa ke Ingila, ya sami wasiƙa da mahaɗi mai kama da ƙofar shiga akwatinsa na Microsoft. Ya rubuta kalmar sirrinsa. Ɓarayi suka shiga, suka karanta wasiƙunsa, suka ga fasalin takardun kamfanin da yadda a ke neman biya. Suka shirya akwatin yadda amsoshin ma'aikata za su riƙa ɓuya daga idonsa. Sa'an nan suka riƙa aika umurnin biyan kuɗi da sunansa, daga ainihin adireshinsa. Ma'aikatan kuɗi suka ga umurnin maigida ne, suka biya, har kusan dala miliyan 11 ta fita. Aka bi sawu har aka kama wani ɗan Nijeriya, Obinwanne Okeke, a Amurka cikin 2019, aka ɗaure shi shekara 10 cikin 2021. Ku duba fa, wasiƙa ta farko kaɗai ce ta ƙarya a adireshi. Sauran duk daga akwatin gaskiya suka fito, ba harafin da ya yi yawa balle a gane. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, in ya shiga kuwa ya zama ɗan gida.

Kada kuma wani ya zaci jahilai kaɗai a ke kamawa. Tsakanin 2013 da 2015 wani mutumin ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya kafa kamfani da suna irin na Quanta Computer, wani kamfanin Taiwan da ke yi wa manyan kamfanoni kayan kwamfuta. Ya riƙa aika takardun neman biya na jabu, da hatimi na jabu, zuwa ga Google da Facebook, suka biya shi fiye da dala miliyan 100 kafin asiri ya tonu. Kotu a birnin New York ta ɗaure shi shekara 5 cikin Disamba 2019. In masu ƙera abin da kansu an yi musu haka, ina ga tsohon akawu mai jiran bashin ƙarin girma? Na faɗi wannan ba don in wanke kaina ba, sai don mu san cewa faɗawa tarko ba abin mamaki ba ne, sabo da haka ba abin ɓoyewa ba ne.

Nan ne na ke da magana da shugabannin ma'aikatu. Da sakamakon gwajin ya kai ga shugabanmu, sai ya yi fushi, ya ce a manna sunayen waɗanda suka latsa a allon sanarwa, domin su ji kunya su kiyaye gaba. Da na ji haka na tafi wurinsa na ce, "Ranka ya daɗe, sunana yana cikin takardar nan, kuma ba don in tsira na zo ba, in an ga dama a sa shi a sama. Amma kunya ce ta sa na yi shiru dare guda. In aka manna sunaye yau, gobe duk wanda ya faɗa tarkon gaske zai yi shiru har abada, gama ya ga abin da a ke yi wa wanda aka sani." Ya yi shiru wani lokaci, sa'an nan ya ce a bar takardar a aljihun tebur. Na gode masa, har yanzu kuwa ina gode masa.

Horon da ya zama farautar ma'aikata ba ya haifar da alheri. Cikin Disamba 2020, shekarar da annobar korona ta ƙuntata wa mutane, kamfanin GoDaddy na Amurka ya aika wa ma'aikatansa wasiƙa cewa za a ba su kyautar dala 650 ta ƙarshen shekara. Wajen mutum 500 suka cika takarda, sai aka ce musu ba kyauta, gwaji ne, kuma sun faɗi. Abin ya jawo surutu har kamfanin ya ba da haƙuri. Ni ma na gaya wa yaronmu cewa wasa da bashin albashin mutane ba ƙaramin abu ba ne. Ya ce ɓarawo ai ba zai tausaya ba. Na ce gaskiya ne, amma ɓarawo ba ya bukatar mu amince da shi gobe, kai kuwa kana bukata.

Masu bincike ma sun auna abin. A babbar makarantar fasaha ta Zurich, a ƙasar Suwizalan, an bi ma'aikata fiye da 14,000 na wani kamfani har wata 15, aka fito da sakamako cikin 2021. Aka tarar ɗan darasin nan da a ke nuna wa mutum nan take bayan ya latsa wasiƙar gwaji bai sa mutane sun daina faɗawa ba. Abin da ya yi amfani shi ne wani ɗan maɓalli da aka sa musu na kai rahoto, wanda in mutum ya ga wasiƙar da bai yarda da ita ba sai ya latsa, ta tafi wurin masu tsaro. Da shi aka riƙa gano sabon hari da wuri. Haka kuma a asibitocin jami'ar Kalifoniya da ke San Diego an gwada ma'aikata wajen 19,500 har wata 8, aka bayyana cikin 2025 cewa bambancin waɗanda aka yi wa irin wannan darasi da waɗanda ba a yi wa ba bai kai 2 cikin 100 ba, yawancinsu ma ko minti guda ba su yi a kan darasin ba.

Shin wannan ya nuna a daina horo? A'a. Ya nuna kada a jingina dukan tsaron gida a kan idon ma'aikaci, gama ido ya kan gaji, musamman ƙarfe uku da rabi na yamma. Ma'aikata ta gari ta kan shirya aikinta yadda kuskuren mutum guda ba zai rushe ta ba. A sa mabuɗi na biyu bayan kalmar sirri, ko lambar da ke zuwa a waya, ko abin da ya fi ta ƙarfi, watau ɗan mabuɗin da a ke sokawa a jikin kwamfuta, wanda ba ya buɗe wa shafin jabu. Kamfanin Google ya faɗa cikin 2018 cewa tun da ya wajabta wa ma'aikatansa fiye da 85,000 irin wannan mabuɗi a farkon 2017, ba a sami wanda aka ƙwace wa akwatin aiki ta hanyar fatsa ba. A kuma kafa doka cewa kuɗi mai yawa ba ya fita da hannun mutum guda, kuma ba a sake lambar asusun kowa bisa ga wasiƙa kaɗai.

Akwai wani abu kuma da ya kamata masu horo su gyara. Da a kan ce mana a gane wasiƙar ɓarawo da gurɓataccen Turanci. Wannan alama ta tsufa. Yanzu akwai na'urori masu rubuta wasiƙa tsaf da kowane harshe, har da namu, suna kuma kwaikwayon murya da fuska. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya sami saƙo wai daga babban jami'in kuɗinsu na Ingila yana neman a aika kuɗi a asirce. Ya yi shakka, kamar yadda aka koya masa. Sai aka kira shi taro ta bidiyo, ya ga fuskar jami'in da ta waɗansu abokan aiki, ya ji muryoyinsu, shakkarsa ta gushe, ya aika wajen dala miliyan 25. Ashe duk fuskokin nan na'ura ce ta ƙaga su. Ya tambaya, amma ta ƙofar da ɓarawo ya buɗe masa ya tambaya.

Sabo da haka, 'yan'uwana ma'aikata, abin da na koya da gumin goshina biyu ne. Na farko, in wasiƙa ta nemi kalmar sirri, ko kuɗi, ko sake asusu, kada ka bi hanyar da ta nuna maka. Kada ka latsa mahaɗinta, kada ka buga lambar wayar da ke cikinta, kada ka mayar mata da amsa kana tambaya ko gaskiya ce, gama ɓarawo ba zai ce maka ƙarya ce ba. Bi hanyar da ka sani tun da: rubuta adireshin shafin da hannunka, ko ka buga lambar da ke cikin tsohon fayil, ko ka tashi ka taka zuwa ofishin mutumin. Matambayi ba ya ɓata, in dai ya san wanda ya tambaya. Na biyu, in ka riga ka latsa, faɗa nan take, kafin ka tashi daga kujera, ko da kai ne babba a ofis, ko da wanda za ka gaya wa sa'an ɗanka ne.

Makon jiya wani ɗan kwangila da muka daɗe muna hulɗa da shi ya aiko da imel cewa ya sake banki, a biya shi ta sabon asusu. Na ajiye wasiƙar, na jawo tsohon fayil, na buga lambar da ke ciki. Ya ɗauka ya ce, "Haba Malam, ai ni na aiko, shekara nawa muna tare ba ka san rubutuna ba?" Na ce, "Alhaji, na sani, shi ya sa na ke so kuɗinka ya zo hannunka." Ya yi dariya, ya ce zai kawo takarda da sa hannunsa gobe da safe, ya kuwa kawo. Wasiƙar ta gaskiya ce, ban kama ɓarawo ba, minti biyu kaɗai na kashe da 'yan kuɗin waya. Haka zan yi wa ta gaba, da wadda ke bayanta.

Bashin ƙarin girma kuwa, ga masu son su sani, har yanzu muna jira.

Wanda irin wannan ta taɓa samunsa ya rubuto wa Edita, ba sai ya sa sunansa ba, domin waɗansu su ƙaru. Sai mako mai zuwa.

Naku,
Tsohon Akawu.